Yadda Na Zaɓi Igiyoyin Tamfol Na Kuma Ɗaura Su Bisa Gadon Lilo

Tamfol ɗin da na saya domin ya rufe gadon lilona, wato gadon yadi da ake ratayewa tsakanin bishiyoyi biyu, ya zo ne babu igiya ko ɗaya a jikinsa, sai kunnuwa shida da aka ɗinka masa, biyu a ƙarshen dogon ɗinkin da ya ratsa tsakiyarsa, huɗu kuma a kusurwoyinsa na ƙasa. Tsawon tsakiyarsa mita 3.35 ne, kuma an yi shi da yadin nailan da aka shafe da silikon. Saboda haka neman igiya da yankanta da ɗaurinta duk suka faɗo a wuyana. Da na fara bin lamarin sai na tarar cewa abin da ake kira igiyar tamfol ba abu ɗaya ba ne. Akwai uwar igiya, wadda ake miƙawa daga bishiya zuwa bishiya ta ɗauki tsakiyar tamfol. Akwai igiyoyin gefe da ke sauka daga kusurwoyi zuwa turaku. Akwai kuma ƙananan zobba na igiya da ke riƙe tamfol a jikin uwar igiyar. Kowace da irin aikinta, kuma halin da ya kyautata ɗaya shi ne yake ɓata ɗaya.

Na fara da lissafin nauyin da igiyar za ta ɗauka, domin lambar ƙarfi ita ce ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kowane ƙunshi, ita ce kuma ke jan idon mai saye. Igiyar da ke rataye gadon lilo ita ce ke ɗauke da mutum, shi ya sa masu kwana a daji suke amfani da irin Amsteel, wadda kaurinta bai kai milimita 3 ba amma tana jure fiye da kilo 700 kafin ta tsinke. Tamfol kuwa ba ya ɗaukar kowa, abokiyar kokawarsa iska ce. Iskar da ke gudun kilomita 50 a awa ɗaya, idan ta bugi abu kai tsaye, tana danna kowane murabba'in mita da abin da ya kai kimanin kilo 12. Gefe ɗaya na tamfol ɗina bai wuce murabba'in mita 4 ba, ke nan kusan kilo 50 ne, kuma wannan nauyi yana rabuwa tsakanin uwar igiya da turaku biyu. Idan gudun iskar ya ninka, ƙarfinta yakan ninka sau huɗu, to amma a irin wannan hali turke ne zai fara tumɓukewa, ko kunnen tamfol ya yage, tun kafin igiyar da ke jure kilo 100 ta ji wani abu. Daga nan na daina kallon lambar ƙarfi a matsayin abin da zai raba gardama, na koma kan abubuwa uku da ba a cika rubuta su a jikin ƙunshi ba: yawan talewar igiya, yadda take riƙe ƙulli, da yadda take a hannun mutumin da ruwa ya jiƙa cikin duhu.

Igiyar da kowa ke fara ambata ita ce farakod, wadda asalinta igiyar laimar saukar sojoji ce tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Irin da aka fi sani, mai lamba 550, tana da kaurin kimanin milimita 4, da riga saƙaƙƙiya a waje da zaruruwa bakwai a ciki, kuma tana jure fam 550, wato kusan kilo 250. Tana da laushi a hannu, tana karɓar ƙulli ba gardama. Sai dai an yi ta ne musamman domin ta tale, saboda ta shanye fizgar da laima ke yi lokacin da ta buɗe a sama, har ma ƙa'idar sojan Amurka ta gindaya cewa ta iya ƙaruwa da kashi 30 cikin 100 na tsawonta kafin ta tsinke. Ga shi kuma da nailan aka yi ta, nailan kuwa yana shan ruwa, idan ya sha sai ya ƙara sakin jiki, ƙarfinsa ma ya ragu da kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Abin da ke ceton ran mai saukowa daga jirgi shi ne ke sa tamfol ya lotsa a kan fuskar mai barci.

Ban so in tsaya ga abin da na karanta kawai ba, don haka na samo guntaye na igiyoyin da nake tunani a kansu, na ɗaura kowace tsakanin ginshiƙai biyu masu tazarar mita 4, na ja ta daidai ƙarfina, na rataya jarkar ruwa ta lita 5 a tsakiyarta, sannan na yi alama a jikin sanda daidai inda gindin jarkar ya tsaya. Farakod ta sauka ƙasa sosai tun da farko. Da na kwarara mata ruwa na bar ta ta kwana, sai na wayi gari jarkar ta wuce alamar da tazara mai yawa, igiyar kuma ta yi sanyi da nauyi a hannu. Siririyar igiyar foliyesta ta ɗan sauka kaɗan ta tsaya cak, ruwan bai sauya mata komai ba. Ta ukun, wadda ta fi su siranta duka, kusan ba ta motsa ba.

Ta ukun nan da zaren Dyneema aka saƙa ta, wanda kamfanin DSM na ƙasar Holan ya fara fitarwa kasuwa a 1990, kuma akwai ɗan'uwansa a Amurka mai suna Spectra. Wani nau'in roba ne da aka ja ƙwayoyinsa suka miƙe suka jeru a layi ɗaya, shi ya sa ba ya ƙaruwa da fiye da kashi 3 zuwa 4 cikin 100 kafin ya tsinke, ba ya shan ruwa, har ma yana yawo a kan ruwa don rashin nauyi. Wadda masu gadon lilo suka fi sani ita ce Zing-It ta kamfanin Samson, rawaya mai kaurin milimita 1.75, wadda aka yi tun asali domin masu aikin hawan bishiya su riƙa jefa ta bisa rassa, da 'yar'uwarta Lash-It mai ruwan toka. Tana jure fiye da kilo 200, amma mita ɗaya nata bai kai giram 2 ba, alhali mita ɗaya na farakod ya haura giram 6. Ga wanda zai goyi kayansa ya yi doguwar tafiya a ƙasa, wannan bambanci ba abin rainawa ba ne, ko da yake ni rashin talewar ce ta fi jan hankalina a kan rashin nauyin.

Irin wannan zare yana da nasa halin da sai an yi haƙuri da shi. Yana da santsi ƙwarai, ta yadda ƙullin da ke zama daram a jikin nailan zai iya zamewa a hankali har ya kwance. Ƙulli kuma yana rage ƙarfin kowace igiya, amma a wannan zare ragin yakan kai rabi ko ya wuce. Ba ya son zafi, domin yana narkewa a wajen digiri 145 zuwa 150 na ma'aunin Salshiyas, alhali nailan da foliyesta sai sun haura digiri 200, saboda haka idan aka fizgi igiya a kan igiya da sauri, gogayyar kaɗai tana iya ƙona wurin ya yi ƙyalli ya taurare. Sannan sirantarsa tana cin hannu. Wanda ya naɗa shi a yatsu ya ja da ƙarfi zai ga shatarsa a fata. Na yanke shawarar cewa wannan zare ya dace da uwar igiya, inda ake son tsayuwa ba motsi, amma bai dace da igiyoyin gefe ba, inda ake yawan kwancewa da ɗaurewa da gyara.

Domin gefe na ɗauki igiya mai kaurin milimita 2, mai rigar foliyesta da ɗan kaushi, wadda aka saƙa mata wani zare mai ƙyalli idan hasken tocila ya same shi. Kaushin rigar shi ke sa ƙulli ya cije, foliyesta kuma ya fi nailan jure rana da ruwa. Zaren ƙyallin ba ado ba ne, domin siririyar igiya mai duhun launi da aka miƙa daidai ƙwauri tarko ce ga duk wanda ya fito da dare, kuma wanda ya yi tuntuɓe da ita yakan tafi da turke, wani lokaci har da kunnen tamfol. Zobban da za su riƙe tamfol kuwa na yi su da igiyar magina, irin saƙaƙƙiyar ba tufkakkiyar ba, domin tufkakkiya tana warwarewa da zarar an yanka ta, tana kuma murɗewa idan aka ja ta.

Na yanka uwar igiya mita 9, na yanka igiyoyin gefe shida masu mita 2.5 kowace, huɗu na kusurwoyi, biyu na ajiya. Bakin foliyesta da na igiyar magina na ƙona su da wuta na murza da ɗan tsinke har suka dunƙule. Uwar igiyar kuwa ban yi mata ƙulli a baki ba, saƙa ta na yi cikin kanta ta yi hanci, wato madauki, domin irin wannan igiya holoƙo ce, babu komai a cikinta. Na lanƙwasa siririyar waya gida biyu ta zama allura, na tura igiyar ta tattaru har saƙarta ta buɗe, na soka wayar ta tsakiya daga nesa da baki, na fito da ita daidai inda nake son hancin ya tsaya. Na zare wasu daga cikin silin wutsiyar na yanke su a wurare dabam-dabam domin bakin ya yi tsini a hankali, na maƙala shi a wayar, na ja shi ya shige cikin uwarsa, sannan na shafa igiyar da yatsu daga hanci zuwa ƙasa har wutsiyar ta ɓace. Tsawon abin da ake cusawa shi ne sirrin aikin: ana so ya kai sau 60 zuwa 70 na kaurin igiyar, wato kimanin santimita 11 ko 12 a tawa. Idan aka ja, saƙar waje sai ta matse ta ciki, ƙarin ja ƙarin matsi, kuma hancin da aka yi ta wannan hanya yana riƙe kusan dukan ƙarfin igiyar. Da yake yana iya zarewa idan babu nauyi a kansa, na yi masa 'yan ɗinki da allura da zare a gindin hancin.

Akwai hanya biyu ta rataye tsakiyar tamfol, kuma masu wannan harka sun daɗe suna jayayya a kansu. Wasu suna ɗaura gajeriyar igiya ta kimanin mita 3.5 a kowane kunne, kowace ta tafi bishiyarta, ta yadda yadin tamfol ɗin da kansa ne yake cike tsakiya. Wannan ya fi sauƙin nauyi, amma duk jan da aka yi ɗinkin tamfol ne ke ɗaukarsa, kuma idan tamfol bai zauna daidai bisa gado ba sai an sassauta gefe ɗaya an je an ƙara ɗaya, a yi ta kai da komo tsakanin bishiyoyi. Ni na zaɓi doguwar igiya guda wadda ke ratsawa daga bishiya zuwa bishiya, tamfol kuma ya rataya a jikinta da zobba masu zamewa. Igiyar ce ke ɗaukar jan, tamfol kuwa ana matsar da shi gaba ko baya da hannu ɗaya.

Abin da ke sa wannan tsari ya yi aiki shi ne ƙullin Prusik, wanda wani mai hawan duwatsu ɗan ƙasar Austiriya, Karl Prusik, ya fito da shi a 1931. Ana haɗa bakin guntuwar igiya ta kimanin santimita 30 ta zama zobe, a ɗora shi bisa uwar igiya, a riƙa zura shi cikin kansa yana naɗe ta, sannan a jera naɗin ya kwanta sumul ba tare da wani ya hau wani ba. Idan aka kama naɗin da yatsu aka tura, sai ya zame; idan aka ja wutsiyar zoben, sai ya cije ya tsaya. A jikin igiya mai kaushi naɗi uku ya isa, amma a jikin mai santsi sai da na kai huɗu, a zoben da ke shan ja mafi yawa ma biyar, kafin ya daina sulalewa. Ƙa'idarsa ita ce zoben ya fi uwar igiya siranta da laushi, shi ya sa igiyar magina ta fi guntun uwar igiyar kanta dacewa. Zobba uku na sa, biyu na kunnuwan tamfol, ɗaya na jan igiya.

A wurin kwana, kafin in kwance ko da igiya ɗaya, sama nake fara dubawa, domin busasshen reshe da ke rataye bisa kai ya fi kowace iska haɗari. Sai in nemi bishiyoyi biyu masu rai, masu kaurin da ba za su rusuna ba, da tazarar mita 4 zuwa 5 a tsakaninsu. Siririyar igiya mai ƙarfi tana da wata illa da ba a cika faɗa ba, wato tana yanka ɓawon bishiya, kuma daf da ƙarƙashin ɓawon nan ne hanyar abincin bishiyar take. Shi ya sa ake rataye gadon lilo da maɗauri mai faɗin aƙalla santimita 2.5. Igiyar tamfol ba ta ɗaukar nauyi irin na gado, amma a jikin bishiya mai taushin ɓawo nakan jera 'yan busassun tsinkaye a tsaye tsakanin igiya da ɓawo, su raba matsin. Idan hadari ya haɗo, tamfol nake fara kafawa, sannan in rataya gado a ƙarƙashinsa a bushe.

A bishiyar farko ba na yin ƙulli ko kaɗan. Nakan zagaya da bakin igiya mai hanci, in kama uwar igiyar in lanƙwasa ta, in tura lanƙwasar cikin hancin, in soka ɗan guntun itace mai kaurin yatsa a ciki, in ja ya zauna. Da safe zare itacen kawai ake yi komai ya saki. Wanda igiyarsa ke da kaushi zai iya yin ƙullin Saiberiya, wanda ake dangantawa da mutanen Ebenki makiyayan barewar ƙanƙara, ƙullin da ake ɗaurawa ko da safar hannu, a kuma kwance shi da fizga ɗaya. A bishiya ta biyu nakan zagaya da wutsiya, in dawo da ita in zura cikin zobe na uku da na tsayar kimanin rabin mita daga bishiyar, sannan in ja ta baya wajen bishiyar, irin ɗaurin da masu lodin mota suke yi. A lissafi wannan yana ninka ƙarfin mai ja sau uku, ko da yake gogayya tana cinye kaso mai yawa daga ciki. Nakan naɗa wutsiyar a guntun itace maimakon yatsuna, in ja a hankali saboda zafi, in danne mahaɗar da babban yatsa, in yi zarge biyu, na ƙarshen mai kwancewa da ja ɗaya.

A nan ne ake son mutum ya san inda zai tsaya. Akwai sha'awar a ja igiya har ta yi ƙara kamar tsirkiya, amma lissafin kusurwa bai goyi bayan haka ba. Idan aka rataya nauyi a tsakiyar igiya, kuma kowane gefe ya sauka da kusurwar digiri 30, to kowane gefe yana jin daidai nauyin abin da aka rataya, wanda shi ne dalilin da ya sa ake rataye gadon lilo a wannan kusurwa. Idan kusurwar ta koma digiri 10, jan yakan kusa ninkawa sau uku. A digiri 5 kuwa ya kusa sau shida. Uwar igiyar tamfol kusan a miƙe take, kuma tawa ba ta talewa, saboda haka duk bugun da iska ta yi wa tamfol yana isa bishiya da zobba a ninke. Bishiyoyin ma ba a tsaye suke cak ba, suna rangaji cikin iska, wani lokaci su nisanci juna. Don haka nakan ja ta ne har ta daina lotsawa da nauyin tamfol, in tsaya a nan, ta yadda idan na danna tsakiyarta da yatsa za ta ɗan ba da kai.

Tamfol ɗin nakan rataya shi a ƙarƙashin igiyar, ba in shimfiɗa shi a kanta ba. Idan igiya ta bi ta ƙarƙashin yadi, ruwan da ke gangarowa daga bishiya yakan biyo ta har cikin rumfar ya ɗiga a kan gado, kuma tana gugar yadin duk lokacin da iska ta kaɗa. Masu kwana inda ƙanƙara ke zuba sukan fi son ta a ƙasa domin ta tallafi nauyin da ke taruwa a sama, wannan kuma hujja ce mai ƙarfi a wurinsu. Kowane kunne nakan haɗa shi da zobensa da ɗan guntun itace ko 'yar ƙugiya, in matsar da tamfol har ya zarce kowane bakin gado da santimita 20 zuwa 30, sannan in ja zobban su nisanci juna har ɗinkin tsakiya ya miƙe. Tsayin da ake ɗaura uwar igiya ya danganta da sama: idan gari garau yake, nakan ɗaga ta sama da kaina domin iska ta ratsa, idan ana sa ran ruwa da iska, nakan sauke ta ƙasa da maɗaurin gado a jikin bishiya, har tamfol ya kusa taɓa bakin gadon. A tuna cewa gado yana sauka idan mutum ya shiga, tamfol kuwa yana nan inda yake, don haka tazarar da ta yi kamar ta yi kaɗan daga waje takan wadatar daga ciki.

Igiyoyin gefe na juya su saɓanin yadda aka saba. Yawanci ana ɗaure igiya tam a kunnen tamfol, a bar wurin gyara can wajen turke, ke nan duk wanda zai ƙara ja cikin dare sai ya fita ruwa ya tsuguna a taɓo. Ni na yi madawwamin hanci a bakin da ke zuwa turke, ɗaya bakin kuma na zura shi cikin kunnen tamfol, na dawo da shi na ɗaura shi a jikin igiyar da ƙulli mai zamewa, naɗi biyu ta cikin madauki, ɗaya ta waje. Da haka ina tsugune a ƙarƙashin rumfa zan miƙa hannu in tura ƙullin ƙasa igiyar ta ƙara tsauri. Wajen miƙa ta kuma nakan bi layin da yadin ke nunawa, wato in ja kusurwa ta fita waje da ɗan karkata zuwa bishiyar da ke kusa da ita, ina kallon yadin har tamojinsa ya ɓace. Idan wani tamoji ya taso daga kusurwa ya nufi tsakiya, ba ƙarin ja yake nema ba, turken ne yake son a matsar da shi. Gefen da iska ke fitowa nake fara kafewa, kuma shi nake saukewa ƙasa sosai.

Turakuna na alminiyam ne masu fiffike uku, tsawonsu kimanin santimita 18. Nakan kafa su har wuya, kansu ya ɗan karkata nesa da tamfol, igiyar kuma ta zauna daf da ƙasa, domin idan ta hau sama sai ta yi ta girgiza turken har ramin ya buɗe. A cikin yashi turke ba ya riƙe komai, sai dai a ɗaura igiya a tsakiyar guntun itace a binne shi a kwance. Inda ƙasa ta zama dutse kuwa, saiwa ko gindin ƙaramar bishiya ko babban dutse sun fi kowane turke, kuma a irin wannan wuri ne igiyoyin ajiya biyun suke amfani, domin abin ɗaurin ba ya zuwa daidai inda ake so.

Sauran matsala ɗaya ba ta igiya ba ce, ta yadin ce. Nailan mai silikon yana saki idan ya jiƙa ko dare ya yi sanyi, ta yadda tamfol ɗin da aka kafa tsaf da yamma zai iya yin tumbi kafin asuba ko da igiyoyinsa ba su ƙaru da komai ba. Maganin da na yi shi ne guntuwar igiyar roba mai kaurin milimita 3 da tsawon kimanin santimita 20, wadda na ɗaura bakinta biyu a jikin kowace igiyar gefe, can ƙasa da inda ƙulli ke kai da komo, na bar sakakkiyar igiya ta kimanin santimita 35 a tsakanin ɗaurin biyu. Idan na ja, robar ce ke fara talewa har igiyar ta miƙe ta tsayar da ita. Idan yadi ya saki, robar ta tattaro rarar. Ba na yarda roba ita kaɗai ta haɗa tamfol da turke, domin idan turke ya tumɓuke tana iya harbo shi da ƙarfi ya huda yadi ko ya sami ido. Wanda tamfol ɗinsa na foliyesta ne ba ya bukatar wannan wahala sosai, tunda yadinsa bai cika saki ba.

A daren da ruwa ya fara gwada wannan shiri, na ga wata hanyar ruwa da tamfol ba ya tarewa, wato maɗaurin gadon kansa, wanda ke gangarowa daga bishiya kai tsaye zuwa inda kaina yake. Na riga na ɗaura masa guntun igiyar takalmi a kowane gefe, ɗan ciki kaɗan daga bakin tamfol, na bar wutsiya mai tsawon yatsa tana reto. Da hasken tocila na ga ruwan yana biyo maɗaurin, ya iso ƙullin, ya juya ya bi wutsiyar yana ɗiga ƙasa, abin da ke bayan ƙullin kuma a bushe. Igiya mai shan ruwa ita ta fi kyau a wannan aiki, kuma dole ɗaurin ya matse sosai, in ba haka ba ruwan zai bi ta ƙarƙashinsa ya wuce.

Ana sayar da ƙananan ƙugiyoyi na ƙarfen taitaniyam da maƙalai na roba waɗanda ke maye gurbin kusan duk ƙullin da na ambata, kuma ba na ganin laifin mai amfani da su, musamman a lokacin sanyi da yatsu ke ƙagewa. Abin lura kawai shi ne kowane maƙali an yi shi ne domin wani kauri na igiya, mafi yawan na roba suna son milimita 2 zuwa 3, siririya mai santsi kuwa takan zame ta cikinsu.

Wajen naɗewa, igiyoyin gefe nakan bar su a jikin tamfol, in naɗe kowace tsakanin babban yatsa da ƙaramin yatsa da siffar lamba 8, domin naɗin da'ira yana murɗa igiya, siririya kuma idan ta murɗe sai ta cukurkuɗe. Uwar igiya nakan naɗe ta dabam tare da zobbanta, in ajiye ta a saman jaka inda hannu zai fara kaiwa. Bayan kowace tafiya nakan shanya komai a inuwa ya bushe, sannan in bi igiyoyin da yatsu ina neman inda ya yi gashi ko ya taurare. Uwar igiyar takan yi ɗan gashi a inda take zagaya bishiya, wanda ba ya rage mata wani abin kirki muddin silinta bai yanke ba. Zobban Prusik su ne suke fara gajiya, sai robar da ke rasa talewarta bayan ta sha rana, don haka a cikin jakar turaku nakan ajiye zobba biyu da aka riga aka ƙulla da guntuwar roba ta canji.